Ciyawar Alhaji da Ragona

Lambuna yana gabashin gidanmu a Faskari, tsakanin rijiya da katanga. Ba wani babban wuri ba ne, taku goma sha biyar ka kai ƙarshensa, amma sama da shekara ashirin shi ke riƙe da tukunyar miyata. Rama da yakuwa a bakin katanga, kuɓewa layi uku, alayyafo, barkono, kabewa tana bin ƙasa inda ta ga dama, sai zogale biyu da na dasa shekarar da muka tare. In na taso daga firamaren da nake koyarwa, ko mayafi ban cire ba, nan nake fara shiga in tsinko abin miya. Matan unguwa kuwa sun san hanya. Wadda ta rasa ganye ta leƙo ta yi sallama, in ce ta shiga ta ɗiba.

Duk tsawon shekarun nan maigidana yana Kaduna yana aikin ofis, sai ƙarshen wata yake zuwa ya kwana biyu ya koma. Zamanmu lafiya lau. Ban taɓa sanin yana da ra'ayi a kan inda randa take zaune ba sai da ya yi ritaya ya dawo gida gaba ɗaya. Mutumin da ya saba ya zauna a kujera ana kawo masa takardu yana sa hannu, yanzu ba wanda zai ba umarni sai ni da kaji. Wata guda bai cika ba ya sauya wa randa wuri, ya sa an ɗaga igiyar shanya har sai na yi ɗage, ya ce turken dabbobi ya yi kusa da zaure. Na yi ta haƙuri, na ce zafin barin aiki ne, zai huce.

Wata rana da hantsi ina tsinkar zogale ya zo ya tsaya a kaina, hannuwa a baya, yana duban lambun kamar wanda aka aiko duba aikin ɗan kwangila.

"Hajiya, gidan nan ba shi da tsari."

Na ce, "Wane tsari kuma, Alhaji?"

Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoto. Gidan tsohon shugabansu ne na wurin aiki. Fili ne kore shar, a kwance sumul kamar an shimfiɗa darduma, da kujeru farare guda biyu a tsakiya ba kowa a kai.

"Kin ga yadda wayayyu suke yin gida."

"Mece ce wannan ɗin?"

"Ciyawa ce. Ta ado."

"Me ake yi da ita?"

"Kallonta ake yi. Mutum ya zauna da yamma ya sha iska."

"Ba a ci?"

"Ba a ci."

"Ko dabba?"

Ya mayar da wayar aljihu ya ce matsalata ke nan, komai sai na kai shi ga tukunya. Na yi dariya na ci gaba da tsinkar zogalena. Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Cikin damina ɗiyarmu da ke aure a Sabuwa ta haihu, haihuwa ta biyu. Na ɗauki hutu na tafi, aka yi suna, na ƙara kwana goma ina ɗora mata ruwan wanka. Ranar da na dawo, na shigo da jaka a hannu da ƙullin kayan suna a ka, na juya gabas kamar yadda idona ya saba, sai na ga katanga tun daga tushe. Shekara ashirin ban ga gindin katangar nan ba. Ba rama, ba yakuwa, ba kuɓewar da na bari tana fure. An baje ƙasa an daidaita, an dasa wasu 'yan tsirarun ciyayi layi-layi kamar gashin kan jinjiri. Zogale biyun nan kawai aka bari, su ma don Alhaji yana son kwaɗo ne.

Ya fito daga ɗaki yana murmushi, yana jiran yabo.

Na yi masa sannu da gida, na shiga na ajiye kaya. Amma daga ranar, tuwo da miyar kuka na riƙa yi. Yau kuka, gobe kuka, jibi kuka, a tsakiyar damina, lokacin da kowane gida ƙamshin ɗanyen ganye ke tashi. Ya daure kwana shida. A na bakwai ya buɗe kwano ya rufe.

"Hajiya, wai kuɓewa ɗanya ta ƙare a duniya ne?"

Na ce, "Tana nan ƙarƙashin abin kallonka, Alhaji. Ka je ka kalla."

Yana da wa a Sheme, manomi ne, mai shanun huɗa biyu da tumaki. Dukanmu Yaya muke ce masa. Ranar kasuwa yakan biyo ta gidanmu a kan babur ɗinsa ya ci abinci, ya kama hanya tun rana na sama, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a hanya. Da ya shigo a makon nan, Alhaji ya ja shi wurin filin yana bayani, wai daga Kaduna aka kawo irin, a buhu, da saiwarsa. Yaya ya tsuguna, ya tuge tsiro ɗaya, ya kaɗe ƙasar, ya juya shi a tafin hannu. Ya daɗe yana dubawa.

"Wanga ai ƙiri-ƙiri ne."

Alhaji ya ce a'a, wannan na turawa ne, sunansa daban.

"Ko mi sunka sa mashi, ƙiri-ƙiri ne. Shekara nawa nike faɗa da shi a gonar fadama? Ka noma shi yau, gobe shina nan. Da ka hwaɗa mani, da na ciko maka amalanke kyauta, har in yi maka godiya."

Na shige madafa da sauri don kada dariyata ta fito a gaban Yaya.

Ciyawa dai ta kama, ba laifi. Ƙiri-ƙiri ba ya buƙatar lallashi. Da rani ya shigo sai aiki ya koma na ban ruwa. Alhaji da bai taɓa ja mini guga ɗaya ba tun aurenmu, ga shi safe da yamma a bakin rijiya, ya naɗe hannun riga, yana zuba wa ciyawa. Rijiyar nan maƙwabta uku ke ɗiba a cikinta. Kafin bazara ruwan ya yi ƙasa har sai an ƙara igiya, abin da ke fitowa ma rabi laka. Ina ganin yadda matan da suke zuwa ɗiba suke duban koren filin nan, su dubi bokitinsu.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta miƙe, sai maganar yanka ta taso. Yaya ya ce ya kawo lauje ya share ta, ya tafi wa shanunsa da ita. Alhaji ya ƙi. Wai lauje ba ya daidaita tsayi, wani wuri zai yi tudu wani kwari. Ita irin wannan ciyawar, in ji shi, inji ke aske ta. Kuma ba kowane inji ba. Akwai mai shan fetur, yana da hayaƙi da ƙara. Akwai mai waya, sai an ja masa wuta. Shi wanda ya zaɓa na zamani ne, mai batir, ba fetur, ba waya, ba hayaniya. Ya yi kwanaki yana kallon hotunan wasu mutane a waya suna tura shi a gaban gidajensu suna dariya, kamar turawar ce ke sa su farin ciki.

Wani direban motar haya ya kawo shi a cikin kwali. Har yau Alhaji bai gaya mini abin da ya ba da ba, ni ma ban tambaya ba, don ina son in ci gaba da ganin girmansa. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya sa tabarau, ya baje sassan. Abu ne kore da baƙi, da ƙafafu huɗu irin na keken yara, da mariƙi, da wata jaka a baya inda yankakkiyar ciyawa ke taruwa. Batirin kuwa kamar bulo ƙarami. Ya harhaɗa, ya kwance, ya sake harhaɗawa. Abokansa biyu na masallaci suka shigo kallo. Ya yi musu lacca mai tsawo a kan yadda duniya ta bar fetur. Sannan ya danna maɓalli.

Shiru.

Ashe sai an yi wa batir caji tukuna. Ranar kuwa kwananmu uku ba a kawo wuta ba.

Inji ya zauna a zaure kwana huɗu an lulluɓe shi da tsohon zanena. A na biyar Alhaji ya sa batirin a leda ya kai shagon da ake cajin wayoyi da sola a bakin kasuwa. Mai shagon ya gwada, ya ga yadda abin ke zuƙe masa wuta, ya cire ya miƙo masa, ya ce ya yi haƙuri, wayoyin mutane sun fi talatin a layi. Ya dawo gida yana faɗa. Da yamma sai na ji janareta ta tashi. Na leƙo, na gan shi a tsugune yana zuba mata fetur, batirin yana gefe an jona.

Na ce, "Alhaji, ba wannan ne injin da ba ya shan fetur ba?"

"Shi ai bai sha ba."

"To wa ya sha?"

Janareta ta yi ta ruri har aka kira magariba, hayaƙi ya cika gida, duk don a ciyar da injin da aka saya saboda ba shi da hayaƙi ba shi da ƙara.

Zan faɗi gaskiya, washegari da ya tura shi, ya yi aiki. Wani ɗan zuu yake yi kamar fanka, inda ya bi sai ka ga wurin ya kwanta lumui, ga wani ƙamshin ɗanyen ganye mai daɗi. Na tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu ina kallo, har na ji a raina cewa abin da kyau. Alhaji ya je ya dawo, ya je ya dawo, ƙirji a gaba. Bai kai rabin filin ba ƙarar ta fara ja, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Ciyawar ta yi tsawo da yawa, ga raɓa, batir ya ƙare. Filin ya zama kamar kan da wanzami ya fara aski aka kira shi gida. Haka ya zauna kwana uku, rabi a aske rabi a tsaye, kafin a sake samun caji, lokacin kuma rabin farko ya fara tofowa.

Haka muka ci daminar. Ba a taɓa wayar gari filin nan ya zama tsayi ɗaya ba. In akwai caji, an yi ruwa, ciyawa ta jiƙe, ta cushe a ƙarƙashin injin, sai ya kifar da shi yana ƙwaƙulowa da tsinke. In ciyawa ta bushe, ba wuta. Ga ƙasarmu da tsakuwa. Mutanen cikin hoton nan ban san irin ƙasarsu ba, amma tamu kowane ruwa sai ya tono duwatsu. Wata safiya wuƙar injin ta ɗauki tsakuwa ta harba, na ji tas, gilashin tagar ɗakina ya zube. Ina zaune a bakin gado a lokacin ina ɗaura ɗankwali. Ya leƙo ta ramin yana tambaya ko na ji ciwo. Na ce ban ji ba, amma ya sanar da ni duk ranar da zai yi aski in bar gidan.

Duk wannan abin dariya ne. Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne.

Ina da rago da na turke tun yana ɗan wata biyar, fari mai baƙin kunne. Da hannuna na yi kiwonsa, dusa, harawa, ɓawon wake, ruwan tsari. Na yi niyyar layya da shi, layyata ta kaina, wadda ban taɓa yi ba sai dai ta maigida. Ya yi ƙiba har wuyansa ya yi ninki. In ya ji muryata daga zaure sai ya fara kuka yana jan igiya. A shekarun nan kuwa ciyawa ta yi wuya ko da damina, don masu yankowa ba sa yin nisa cikin daji kamar da. Abin da ake samu a gefen gari kowa na rububinsa. Na sha gaya wa Alhaji cewa abin kunya ne a ce unguwa na neman abin ba dabba, mu muna da fili guda muna niƙe shi muna zubarwa a bola.

Maganar ta shige shi, ashe. Ya so ya nuna mini cewa injinsa ma yana da amfani.

Saura kwana tara Babbar Sallah, ranar kasuwa ce, na tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa tun da safe. Kwana biyu kafin nan ya yi aski, ya tara abin da jakar injin ta tara a cikin buhun taki, ya ɗaure baki, ya jingine a bango inda rana ke bugawa. Da na fita sai ya kwance buhun ya juye wa ragon gaba ɗaya. Ciyawa ce an niƙe ta lilis, ba abin taunawa, rago ya sa kai ya yi ta haɗiya.

Na dawo bayan azahar. Tun daga zaure ban ji kukansa ba. Na same shi a tsaye ya ware ƙafafu, kai a ƙasa, yawu na zuba, cikinsa ta hagu ya kumbura ya yi tauri. Na buga da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Numfashi yake da ƙyar.

Na ƙwala wa Alhaji kira. Ya fito da carbi a hannu, yana cewa ai yau ragona ya ci ya ƙoshi, sai ya gan shi ya tsaya.

Na jiƙa kanwa na ɗura masa, na ɗura man gyaɗa. Alhaji ya yi ta kiran malamin dabbobi a waya, aka ce ya tafi wani ƙauye rigakafi, sai gobe. Muna cikin haka Yaya ya yi sallama, ya dawo daga kasuwa. Bai ko zauna ba. Ya taɓa cikin ragon, ya duba idonsa, ya juya ya ga ragowar ciyawar a ƙasa. Ya cusa hannu cikin buhun ya zaro da sauri.

"Taɓa ka ji," ya ce wa ƙanensa.

Alhaji ya sa hannu. Ciyawar da zafi kamar an sauke ta daga wuta, ga wani tsami na tashi.

"Ta dahu a cikin buhu. Ɗanyar ciyawa niƙaƙƙa, ka ƙulle ta kwana biyu a rana, ka ba dabba? Ko saniya ba ta ɗauka." Ya ɗaga gaban ragon, ya murza cikin, ya sa masa kara a baki ko zai yi gyatsa. Ragon ya durƙushe. Ya ɗaga shi, ya sake durƙushewa. Yaya ya dube ni. "Hajiya, ki yi haƙuri. In munka ƙara jira, mushe za a yi. A kawo wuƙa."

Ni na ɗauko wuƙar. Alhaji ne ya riƙe ƙafafun, babbar rigarsa cikin laka. Na juya baya na shiga ɗaki. Matar da ta haura hamsin tana kuka a kan rago, na san abin a yi mata dariya ne, amma na yi, kuma ban ɓoye ba.

Aka feɗe, aka rarraba wa maƙwabta, na soya abin da ya rage. Kowa ya karɓa yana jajantawa, yana tambayar me ya same shi. Na ce ciki ne ya kumbura. Ban ƙara ko kalma ba, don duk abin da ya yi, mijina ne. Shi kuwa kwana biyu bai iya haɗa ido da ni ba. A na uku ya zo ƙofar madafa ya tsaya.

"Hajiya, wallahi alheri na nufa."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

Jajibirin Sallah ya shigo da wani rago, dogo, ƙashin baya a waje, ya ce nawa ne. Na yi godiya, na yi layya da shi, Allah Ya karɓa. Amma ban san shi ba, shi ma bai san ni ba.

Wani zai ce daga nan an rabu da inji. Ina! Ai laifin buhu ne, in ji Alhaji, ba na inji ba. Ya ci gaba da turawa har kaka. Da ciyawa ta daina tsawo ya goge shi tas, ya kai shi ɗakin ajiya mai rufin kwano, da batirin a jiki. Ɗakin nan da bazara ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai a ciki saboda zafi. Da damina ta zagayo ya fito da shi, batir ya kumbura gefe ɗaya. Aka yi masa caji yini guda, ya yi aiki kamar na tsawon alwala, ya mutu.

Aka shiga neman sabo. Wanda ya sayar masa ya ce irin wannan ya daina zuwa, amma akwai sabon samfurin inji in yana so. Wani ya ba shi labarin mai gyaran kayan sola a Kankara, wai ba abin da ke gagararsa. Ina da ƙanwa a can, na ce zan bi shi in gaishe ta. Muka shiga mota da safe, batir a cinyarsa a naɗe da tawul kamar mara lafiya.

Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa cike da fitilu da fankoki da wayoyi a warwatse. Ya kwance batirin, ya dudduba da wani ɗan abin awo, ya ce rabin 'ya'yan cikin sun mutu, zafi ya kashe su. Zai iya ciro wasu daga tsohon batirin wani abu ya haɗa, amma bai ɗauki alkawari ba.

"Alhaji, wai na wane inji ne?"

"Na yankan ciyawa."

"Au, na gona?"

"A'a, na gida."

Mai gyaran ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Filin ƙwallo gare ka a gidan?"

Na ce, "Taku goma sha biyar ne, Malam."

Mai gyaran ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa, amma na ga gemun yana motsi. Alhaji bai yi mini magana ba har muka dawo Faskari.

Gyaran ya yi mako biyu. Daga nan ko fitilar jikin batirin ba ta ƙara kamawa ba. Ruwa kuwa bai jira kowa ba. Ciyawa ta kai ƙauri, ta kai gwiwa, wasu irin da ba a gayyata ba suka shigo, har da ƙarangiya. Sauro ya samu gida. Alhaji ya hana a taɓa, wai yana jiran wani da zai zo daga Legas da batir. Ranar da na je jan ruwa da safe na ga maciji ya sulale daga gindin rijiya ya shige cikin ciyawar, na ajiye guga, na je na same shi yana karin kumallo.

"Alhaji, yau ko ciyawar nan ta bar gidan nan, ko ni in tafi Sabuwa sai an yanke."

Ya dube ni, ya ga ba wasa. Ya ɗauki waya ya kira Yaya da kansa.

Yaya ya zo da lauje a ɗaure a bayan babur. Ya bubbuga ciyawar da sanda tukuna, ya cire riga, ya tsuguna. Daga idar da sallar azahar zuwa kiran la'asar ya gama, har da gefen katanga da gindin zogale inda injin bai taɓa iya shiga ba. Mutum ne da ya ba saba'in baya. Ya ɗaure dami uku manya, ya ɗora biyu a babur, ya ce a ba maƙwabciyarmu mai awaki ɗaya. Ya sha fura, ya ce zai tahi kada yamma ta yi. Alhaji ya raka shi ƙofa, ya dawo ya tsaya yana duban wurin.

"Bai daidaita ba," ya ce a hankali.

Na yi kamar ban ji ba. Washegari na ɗauki fartanya. Bai hana ni ba, bai kuma taya ni ba. Na mayar da kuɓewa da rama da alayyafo, amma lambun bai koma yadda yake ba, don saiwar ciyawar nan ta ratsa ko'ina, kullum cikin tugewa nake, bayana yana gaya mini.

Wata malama da muke aiki tare ta taɓa tambayata, wai mijinta ya ga irin injin a waya, ko yana da amfani. Na ce mata yana da shi mana. In gidanku wuta ba ta ɗaukewa, ƙasarku ba tsakuwa, kuna da ruwan da ba mai buƙata, ba ku da ko akuya, kuma kusa da ku akwai mai sayar da batirin, to ku saya. In kun haɗa duk wannan kuwa, ba a Faskari kuke ba, ba kuma ni za ku tambaya ba.

Bara surukinmu na Sabuwa ya gama ginin gidansa, suka zo gaisuwa shi da ɗiyar tamu. Ni ina ɗaki da ita da jikoki, su suna zaure, amma ana jin maganarsu. Mutum ne mai ladabi, ba ya son shiru ya yi tsawo a gaban surukinsa, sai ya rasa abin faɗa ya ce, "Baba, ya labarin injin nan kuwa?"

Na ji Alhaji ya gyara zama.

"Inji ne mai kyau ƙwarai. Ƙasar nan ce ba ta dace da shi ba. Amma kai da ka yi sabon gida, ga fili, ai kai ya kamata. Na ba ka."

"A'a Baba, da dai an bar shi..."

"Na ba ka, na ce. Batir kawai za ka nema."

Bawan Allah ya yi ta godiya, murya a sanyaye. Da za su tafi aka ɗaure injin a bayan mota, but ɗin bai rufu ba, mariƙin ya leƙo waje. Alhaji ya tsaya a ƙofar gida yana ɗaga musu hannu, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka an daɗe.

Da suka isa ɗiyata ta kira ni.

"Umma, don Allah ina za mu kai wannan abu? Tsakar gidanmu fa duk siminti aka yi."

Na ce ta nemi wuri mai inuwa ta ajiye, ta riƙa goge masa ƙura, don babanta zai tambaya duk ranar da ya je.